Ludayin Iya da Kwalbar Tasha

Kakata ta wajen uwa, wadda duk gidan muke kira Iya, tana da wani ɗan ludayin duma da ba a shan fura da shi. Kullum yana rataye a ƙusa bayan ƙyauren ɗakinta, bakinsa ya yi baƙi don tsufa. Ranar da ɗayanmu ya tashi da murɗar ciki, sai ta aiki yaro bayan gari ya karyo mata sabara, ta wanke ganyen, ta tafasa a 'yar tukunyar ƙasa, ta bar shi ya huce, sannan ta miƙa hannu ta sauko da ludayin. Babba ludayi guda, yaro rabi. Mai ciki kuwa ko ɗanɗanawa ba ta yi. In kwana uku suka cika jiki bai yi dama ba, Iya ba ta ƙara ludayi na biyu. Mayafinta take ja ta ce, "Tashi mu je asibiti, wannan ya fi ƙarfin ganye."

Matar nan ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa takawa ba. Amma ta san sunan abin da take ba mu, ta san inda ya tsiro, ta san gwargwadon da jikin kowa zai ɗauka, ta kuma san ranar da za ta ce ya isa haka. Ƙannena, samari da 'yan mata, a kan wannan nake so mu ɗan zanta, domin na lura ganyen kun gaje shi, amma ludayin ya ɓata a hanya.

Ku je kowace babbar tasha ko bakin kasuwa ranar cinta. Ga tsohuwar mota an ɗora mata lasifika a ka, an jera gorunan ruwan roba da aka tsinto aka wanke, an cika su da wani baƙin ruwa mai kumfa. Murya tana ta zuba: basir mai tsiro, basir mai jini, sanyin mara, ulsa, taifot, shawara, ciwon suga, hawan jini, kasala, raunin mazakuta, duk a gora guda, kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Magori ke nan, wasa kanka da kanka. Ku kuwa ba ma sai kun je tasha ba, tashar ce ta biyo ku har kan katifa. A TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, mai lasifikar ya sa farar riga, ya koyi faɗin "sinadari" da "garkuwar jiki", ya zuba garin a kafso, ya manna takarda mai ƙyalli. Ka tura kuɗi, direba ya kawo maka saƙo, ba ka san fuskar wanda ya haɗa ba, shi ma bai san ko shekarunka nawa ba.

Kada wani ya ɗauka ni maƙiyin saiwa da sassaƙe ne. Har yau ina shan citta da kanumfari in mura ta kama ni, kuma duk wanda ya raina itatuwa bai san tarihin ƙwayar da yake haɗiya ba. Kwinin, wanda aka daɗe ana kashe zazzaɓin cizon sauro da shi, daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka samo shi. Maganin maleriyar da ake ba ku a asibiti yau, tushensa wani ganye ne ɗan'uwan tazargade. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka ciro ainihin sinadarin daga ganyen a farkon shekarun 1970, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu amosanin jini, wato sikila, kuma cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ba wanda bai san su ba a kasuwarmu.

Sai dai ku dubi abin da ya mai da ganyen nan na Sin magani. Da farko dafa shi suka riƙa yi, sakamakon ya ƙi tsayawa, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai da matar ta koma ga tsofaffin littattafan likitancin ƙasarsu ta gane cewa zafin wuta yana ɓata abin da ake nema, ta sauya hanyar tatsa, aka gwada a jikin ɓeraye da birai, sannan mutane, aka tsayar da ma'auni. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a dogara da shayin ganyen don maganin maleriya ba: ƙarfinsa a wannan gona daban, a waccan daban, kuma rabin magani ba ya kashe ƙwayar cuta, sai dai ya koya mata yadda za ta jure. A 2020, lokacin korona, shugaban Madagaska ya fito da ruwan wannan ganye a kwalba ya ce waraka ta samu, aka yi ta aika wa ƙasashen Afirka har da Najeriya. Da masananmu suka bincika, ba su sami hujjar cewa yana warkar da cutar ba. Shugaban ƙasa guda ke nan ya yi talla, balle mai lasifika.

Maganar da ta fi ba ni tsoro a bakin matasa ita ce, "Ai ganye ne, in bai yi amfani ba, ba zai yi illa ba." Wa ya faɗa muku? Zaƙami ba ganye ba ne? Kun dai san yadda yake mai da saurayi mai hankali ya tuɓe riga a tsakiyar titi. Da kwankwani maharban da suke dafa dafin kibiya, kuma shi ma tsiro ne Allah ya fitar daga ƙasa. Duk abin da ke da ƙarfin taɓa cuta yana da ƙarfin taɓa mai cutar.

A birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata sun riƙa zuwa wani wurin rage ƙiba ana ba su kafso mai ɗauke da ganyayyakin ƙasar Sin. Wajen kawo kayan aka yi kuskure, aka sa wata saiwa a madadin wata, saboda sunayensu sun yi kama a harshen Sinanci. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya fito musu a hanyar fitsari. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau suka shiga, ƙiba kawai suke son ragewa. Saiwar da ta yi wannan ɓarna dangi ɗaya suke da duman dutse, wanda masu maganinmu suka sani sarai. Idan a Turai, da takardu da ɗakunan gwaji, an iya musanya saiwa da saiwa, me kuke zato game da garin da aka daka a wani lungu aka ƙulla a leda? Gari dai gari ne a ido. Abin baƙin cikin kuma, ƙoda da hanta ba su da hayaniya. Haƙori ɗaya zai hana ka barci, amma ƙoda tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta kana ta harkokinka ba ka ji komai ba, sai ranar da ƙafa ta kumbura.

Ni ma ba a bar ni a baya ba wajen wauta. Ina ɗalibi, wani aboki ya ce jikina ya yi nauyi, dattin ciki ne, in yi wankin ciki. Na sayo ƙullin sanamaki a bakin kasuwa, mai sayarwa ya ce in jiƙa "ɗan daidai". Ɗan daidai ɗin nan ne ban tambaya ba, na juye rabin ƙullin a kofi, na bar shi ya kwana, na shanye da asuba har ina taune ganyen don kada a yi asara. Kafin azahar na yi zarya bayan gida har na daina ƙirgawa. Da la'asar ƙafafuna suka riƙa ɗaurewa, in na miƙe sai in ga duhu. Abokan ɗaki suka ɗora ni a babur, ɗaya a gaba ɗaya a baya yana riƙe da ni, aka yi mini ƙarin ruwa leda uku. Ma'aikaciyar jinyar da ta sa mini allurar ta tambaye ni me na sha, na ce ba komai. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ma 'yar Hausawa ce." Sanamaki magani ne na gaskiya, har a kemis ana sayar da ƙwayarsa ga mai fama da taurin bayan gida, na 'yan kwanaki. Amma hanji ba kwata ba ne da za a ce sai an yashe shi duk wata. Wanda ya mai da wankin ciki al'ada, gishirin jikinsa yake zubarwa, hanjin kuma ya saba har ya ƙi motsi sai an tsokane shi.

Wancan "ba komai" da na ce, ita ce ƙaryar da aka fi yi wa likitoci a ƙasar nan. Muna jin kunya ko tsoron faɗa, sai mu ɓoye. Alhali ganye da ƙwayar asibiti a ciki ɗaya suke haɗuwa, hanta ɗaya ke tace su. Hulba tana sauke suga, to mai shan maganin ciwon suga in ya haɗa da ita da yawa, sugan na iya faɗuwa har ya yanke jiki. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini. Tafarnuwa da citta in an sha su da yawa a matsayin magani suna iya ƙara zubar jini ga wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, ko wanda za a yi wa tiyata. Wannan ya shafe ku kai tsaye ko da ku ba ku sha, domin ku ne 'yan aike, ku ke da waya, ku kuke ganin talla ku ce, "Baba, ga wani an ce yana warkar da suga gaba ɗaya." Ranar da tsoho ya ajiye ƙwayarsa ta hawan jini saboda kwalbar da ka sayo masa, ka sani da hannunka a cikin abin da zai biyo baya. Hawan jini da ciwon suga lallaɓa su ake yi tsawon rai. Duk wanda ya ce zai tumɓuke su cikin mako biyu, aljihunka yake nufi.

Akwai bambanci tsakanin abinci da magani, ko da daga bishiya ɗaya suka fito. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, ku ci har ku ture. Miyar kuka, kunun tsamiya, zoɓo mai sanyi, shayin citta, waɗannan kakanni sun ci sun sha shekara da shekaru a gwargwadon da ciki ke ɗauka. Amma da zarar an busar, an niƙa, an tatse, an matse tulin ganye a kafso guda ana haɗiya sau uku a rana har wata shida, an bar babin abinci. Saiwar zogale da ɓawonsa ma ba ɗaya suke da ganyensa ba, kuma mai ciki ta nisance su. Ko abin da muka saba da shi a tukunya yana da iyaka. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi har kwana arba'in. Bincike daga baya ya nuna akwai wasu dalilan da ke taimakawa, amma kanwa dai gishiri ce, kuma zuciyar da ta gama ɗaukar ciki wata tara ba ta bukatar ƙarin kaya. 'Yar kanwar da ke sa wake ya yi laushi ita ce dai wadda in an zuba ta da ludayi take kai mace gadon asibiti.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi yi muku ƙaiƙayi. Samari, maganin ƙarfin maza. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gwada irin waɗannan haɗe-haɗe da ake cewa zallan ganye ne, su tarar an daka ƙwayar sildenafil a ciki, wato sinadarin Viagra, ba tare da an rubuta ba kuma ba bisa wani ma'auni ba. Shi ya sa yake "aiki nan take". Ganye ba ya irin wannan gaggawar. Mai shan wasu magungunan ciwon zuciya in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Wani kuma gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya, musamman mai sikila, kuma in aka wuce awa huɗu a haka ba a je asibiti ba, ana iya rasa abin da aka je gyarawa ɗungurungum. Yawancin samarin da ke sayen nan lafiyarsu lau, fargaba ce kawai da hirar majalisa da abin da suke kallo a waya suka sa musu.

'Yan mata, ku kuma na san zancen sha-ka-fashe da haɗin gyaran amarya. Wata 'yar ƙanwata, ana saura wata biyu bikinta, ƙawaye suka ce ta rame, aka kawo mata wani tsimi a jarka, aka ce dabino ne da aya da ganyayyaki. Cikin mako uku kumatu suka cika, kowa yana barka. Ni da na gan ta sai na ga fuskar ce ta yi zagaye kamar faifai, hannu da ƙafa suna nan yadda suke, ga ƙuraje, ga nankarwa ja a cinya da damtse kamar mai tsohon ciki. Da aka je asibiti, likita bai ko gama duba ta ba ya ce wannan aikin dexamethasone ne. Ƙwaya ce mai ƙarfi da ake ba masu asma da wasu cututtuka bisa lissafi. Tana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, tana ɗaga suga da jini, tana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Abin da ya fi muni, wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali, in ba haka ba jiki ya rushe. An yi bikin, amma nankarwar tana nan har yau. Abubuwan da ake cewa a cusa a gaba kuwa, ku bar su kawai. Wurin nan fatarsa tana da laushi ƙwarai.

Wata ɓarnar ba a cikin kwalbar take ba, a cikin lokacin da take cinyewa take. Mu Hausawa kusan kowane ciwo daga cibiya zuwa ƙasa basir ne ko sanyi, kowane rawayan ido shawara ce. Jini a bayan gida yana iya zama basir, yana kuma iya zama ciwon dajin hanji, wanda in an gano shi da wuri ake iya yi masa aiki. Rawayan ido yana iya zama ciwon hanta nau'in B, wanda awon jini kaɗai ke nunawa, yana da allurar rigakafi, kuma hantar da ke fama da shi ita ce ta fi kowace rashin jure jiƙe-jiƙe. Abin da ake kira sanyi sau da yawa cuta ce da ake ɗauka wajen saduwa, tana bukatar a yi wa miji da mata magani tare, in an yi sakaci ta toshe hanyar haihuwa. Gwajin maleriya na ɗan tsinke bai fi minti 20 ba. A san sunan ciwon tukuna, sannan a yi zancen me za a sha.

To lambar hukumar NAFDAC fa? Ku duba ta, amma ku san me take nufi. Yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta amince a sayar, lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Wannan izini ne na wucin gadi na shekara biyu, ma'anarsa an gwada samfurin da aka kai ba a ga guba a ciki ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa a jikin kwalin, kuma dole mai maganin ya rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsa ba. Sai dai rubutun ƙanana ne, a can ƙasa, da Turanci. Lambar ma ana ƙirƙirarta, don haka ku da kuke da waya ku duba ta a manhajar Greenbook ta hukumar, ba zai ɗauke ku fiye da minti ɗaya ba. Kwalbar da ba ta da sunan abin da ke ciki, ba adireshin mai yi, ba ranar ƙarewar wa'adi, ba yawan da za a sha, ko kyauta aka ba ku kada ta wuce maƙogwaro.

Haka nan shagunan da ake kira Islamik kemis. Habbatus sauda da zuma suna da daraja a addininmu, ingantattun hadisai sun yabe su, ba mai musun wannan. Amma yabon da aka yi wa ƙwayar habba bai zama hatimi a kan kowace kwalba da wani ya haɗa a bayan shagonsa ya rubuta mata suna da Larabci ba. Man da ke ciki na habbar ne ko an sirka? Zumar ta ƙudan zuma ce ko sukari aka dafa? Tambayar ɗan kasuwa ba rashin imani ba ne. Zumar gaskiya ma likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya kashe ba. Jarirai da masu ciki da masu shayarwa da masu ciwon ƙoda ko hanta, su dai a bar su da abin da ma'aikacin lafiya ya sani.

In kuwa kun riga kun sha wani abu sai kuka ga ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi ko ya ragu, ko fuska da ƙafa sun kumbura, ko ƙaiƙayi da ƙuraje sun feso, ko amai ya ƙi tsayawa, ku dakata nan take. Kada ku yarda da mai cewa ciwon ne yake fita. Ku tafi asibiti da kwalbar a hannu, kada ku yi irin tawa.

Masu magani na ƙwarai suna nan, kuma ba su da wuyar ganewa, sai dai ba su da lasifika. Bara wani maƙwabcina da ƙafa ta hana shi fita ya roƙe ni in karɓo masa sassaƙe wurin wani tsoho mai rumfa a cikin tsohuwar kasuwa, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Na same shi zaune a buzu tsakanin buhunan saiwoyi, yana fere wani ɓawo da 'yar wuƙa. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ko ɗaga kai ba ya fara tambaya: shekarunsa nawa, tun yaushe ƙafar ta kumbura, ɗaya ce ko duka biyun, in an danna wurin yana lotsawa, yana shan maganin asibiti, yaya fitsarinsa. Rabin tambayoyin ban san amsarsu ba. Na ce, "Baba, a dai ba ni ko na ɗari biyar ne ya fara gwadawa." Sai a lokacin ya ajiye wuƙar ya dube ni.

"Malam, ƙafa biyu in sun kumbura tare, ba ƙafar ce ke ciwo ba. Ku kai shi a auna masa jini da fitsari. In sun ce ba komai, ka ɗauko shi a mota ka kawo mini shi in gan shi da idona."

Na mayar da kuɗina aljihu, na tsaya a bakin kasuwa na sayi goro na kai wa maƙwabcin nawa, washegari da sassafe muka nemi mai adaidaita sahu.